Mabushin da Ba Ya Yi wa Kowa Kirari

A da binciken aure a Kibiya ba ya wahala. Tsoho ɗaya za ka tambaya a ƙofar masallaci, ya ba ka labarin gida har kaka da kakanni. Yanzu mutane na dawowa daga ƙasashen da ba mu da mai shaida.

Haka wani ya dawo ƙauyen Nariya da furfura, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Alkahira yana busa kilarinet, wata baƙar algaita mai maɓallan azurfa, cikin babbar ƙungiyar makaɗa. Ɗansa ya nemi 'yar ƙanena. Da yake na zauna a Masar da Sudan, ni aka tura bincike.

Abin da ya dami ƙanena shi ne, mabushi ne amma ba a taɓa ganinsa a biki ba, ba ya yi wa kowa kirari, ba mai yi masa liƙi. To da me ya gina gida? Maƙwabta kuma suka ce kullum da hantsi yakan jiƙa wasu 'yan guntayen gora a kofi, ya kankare da wuƙa, ya tsotsa, kamar mai haɗa asiri.

Da na je gidansa, na gwada shi da Larabcin Masar, sai na ji ya fi ni. Na tambaye shi ubangidansa, ya ce ba shi da shi, albashi ake ba su, kowa na bin abin da ke rubuce a gabansa. Na san gaskiya ne, don na taɓa shiga irin zauren da suke kiɗan. Duk da haka idona na kan kofin. Ya lura, ya ciro ɗaya ya ɗaura a bakin algaitar, ya busa. Ashe gorar ce ke ba da muryar.

Na kai wa ƙanena bayani. Ya ce, "Yaya, kai ka yi yawo, ka gane. Ni ba zan bi gida-gida ina cewa surukina ba maroƙi ba ne." Sharaɗinsa shi ne a daina busar.

Da na isar da saƙon, mutumin ya daɗe yana shafa leɓensa.

"Alhaji, a shekaruna leɓe in ya saki ba ya komowa," in ji shi. "Amma ka ce masa na yarda."

An ɗaura auren bayan kaka. Daga ranar bai sake busawa ba.