An Karɓa

A ofishin da ke gina wa ma'aikatu shafukan intanet, Uwar Tsofaffi ake ce mata, ko da yake ba ta kai arba'in ba. Wayoyi ne suka ja mata sunan: guda tara a durowarta, duk gilashi ya tsage, ɗaya ma da roba aka ɗaure murfinta. A shagon buga takardu ta fara aiki, ta shekara shida tana cike wa mutane fom, don haka ta san irin wayar da ke aljihun talaka, ta kuma san burauzar da ke buɗe shafi a cikinta ta daɗe da daina sabuntuwa. Duk shafin da aka gina sai ta bi shi waya-waya kafin ta sa hannu. Abokan aikinta, masu wayoyi kamar faranti, kullum sai sun tambaye ta ko 'ya'yan nata sun tashi lafiya.

Sau ɗaya tak ta yi sake, a shafin wani asibiti na neman layin wankin ƙoda. Oga na tsaye a kanta yana duba agogo, ana ta ƙunshe dariya, ita kuma ranar tsokanar ta kai mata wuya. Ta gwada a sabuwar waya, ta sa hannu.

Ranar Alhamis da sha ɗaya da rabi kawunta ya kira. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, kuma ƙafafunsa kumbura suke idan ya kwana huɗu ba a ɗora shi a na'urar wankin ƙoda ba. Sai sa mata albarka yake. Wai cike fom ɗin asibitin bai ba shi wahala ba ko kaɗan: tun bai gama rubuta sunansa ba ya ga "An karɓa" a ƙasa.

Ta miƙe zaune. Wannan saƙo a ɓoye yake, ba ya fitowa sai fom ya isa asibiti. Ta fizgo durowa, ta kunna wayar nan mai roba, ta buɗe shafin. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Tsohuwar burauza ba ta gane umarnin ɓoyewa ba, ta baje saƙon a fili, maɓallin aikawa kuwa ko motsi ba ya yi. Ta buɗe jerin waɗanda suka sami gurbi a asibitin, babu sunan kawu. Gurbi talatin ne na mako mai zuwa, ashirin da shida sun tafi, kuma da sha biyu ake rufewa.

"Kawu, karanto min lambar katinka na asibiti yanzu."

"Ai an karɓa, 'yata."

"Don Allah karanto min."

Ya ajiye wayar ya tafi neman tabarau. Tana jin ƙarar sandarsa a siminti, tana jin yana tambayar matarsa wa ya taɓa masa jaka. Ashirin da bakwai. Da hannu ɗaya take goge sabon umarnin tana mayar da irin na da, wanda kowace waya ke ganewa. Ashirin da takwas. Tsoro ya kama ta, da haushin kanta, don ta fi kowa a ɗakin sanin abin da ta tsallake.

Kawu ya dawo ya karanto lambar a nitse, ya yi kuskure, ya sake daga farko. Ta shigar da shi daga kwamfutarta. Na talatin. Ta saki gyaran shafin, ta jingina da kujera, rigarta sharkaf da zufa.

Bai kashe waya ba, hirarsa yake cikin jin daɗi. Ya ce jiya a bencin asibiti ya nuna wa abokan layinsa su huɗu yadda ake yi, da ma wayoyinsu irin tasa ce, kuma duka sun ga an karɓa. Ɗaya daga cikinsu, wani tsohon direba, ya so ya je ofis ya tabbatar.

"Na hana shi," in ji kawu. "Na ce ya kwantar da hankalinsa, 'yata ce ta yi shi."