Akwai Inda Ban Bar Gona Ba

A shekarun da na yi a wani kamfanin roba a Sharaɗa, injin buta aka ba ni. Mu biyu ne a kansa, ni da wani mutumin Maraɗi da ya girme ni, ina ce masa Yaya. Ni ke zuba roba da kala, shi yana kwashe butocin yana aske musu baki.

Wata rana da hantsi aka ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi, muka fito gindin darbejiya muka zauna. Ya ce ya ji a rediyo wai masana na ganin mai yiwuwa sararin samaniya ba shi da iyaka.

"In haka ne," in ji shi, "duk abin da zai iya faruwa ai ya faru a wani wurin. Akwai inda ban bar gona ba."

Na yi dariya. "Yaya, ko injin nan zai yi ta aiki har abada, buta zai yi ta haifa. Kala ta yi ta canjawa, amma ba za ka taɓa ganin takalmi ya faɗo ba. Rashin iyaka daban, samun komai daban."

Ya ɗauki wani guntun roba yana murzawa. Can sai ya ce yana da 'ya, ta rasu tana rarrafe, shekarar da ya zo Kano. Yana bakin inji aka kai ta. Tun da ya ji zancen rediyon nan yake raya wa ransa akwai inda ta girma, tana ɗebo wa uwarta ruwa a rijiya.

Na ce ni dai ban san faɗin sama ba, amma malamai sun ce yaran da suka tafi a haka suna inda ya fi nan.

"Na sani, ƙanena, na kuma yarda," ya ce. "Girmanta kawai na so in gani."

Muna nan zaune, manyan motoci na wucewa, har aka kawo wuta muka koma ciki. Daga baya mun sha komawa kan gardamar, a wajen mai shinkafa da wake ko a hanyar masallaci. Bai kayar da ni ba, ni ma ban kayar da shi ba.

Da damina ta wuce ya ɗauko iyalinsa, ya kama ɗaki a Na'ibawa. Nan matarsa ta haifi mace. Ranar suna na tambaye shi ko sunan marigayiyar ya mayar.

Ya girgiza kai. "A'a. Waccan da nata, wannan ma a bar ta da nata."

Ya miƙo mini ita cikin zani, tana barci, ya fita raba goro.