Ƙwaryar Inna da Farin Fenti

Shekarar da amai da gudawa ya shigo ƙasar Gumel, duba-gari suka sako mu gaba, mu masu tallar nono, sai ka ce mu muka kawo ciwon a kai. A kasuwar Maigatari na ga wani daga cikinsu ya juye ƙwaryar wata tsohuwa, ya leƙa cikinta, ya ce baƙin da ke cikin ƙazanta ce, ya ɗora takalmi ya murƙushe ƙwaryar. Har yau in na tuna fuskarsa raina sai ya ɓaci.

Baƙin nan kuwa ba ƙazanta ba ce. Inna kan wanke ƙwarya ta shanya a rana, ta kifa ta a kan garwashin itacen aduwa har hayaƙi ya ratsa ta, sannan ta murza mata man shanu. Da shekaru cikin kan yi baƙi da santsi, nono ya wuni a ciki bai lalace ba. Babbar ƙwaryarta daga uwarta ta gada, kuma ko ni da nake da aure da goyo ba ta yarda in ɗauka sai da hannu biyu.

Yayana yana aikin fenti a Gumel. Ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa jikinsa a gaban mutane, magana ma sai ta bi ta bakina. Da na ba shi labarin tsohuwar nan ta kasuwa, ranar Juma'a sai ga shi a rugarmu ta kusa da Ɗanzomo da ragowar farin fenti a gwangwani, irin wanda ake shafa wa bangon ɗakin shan magani. Ya ce ƙwayar cuta ba ta zama a kansa, kuma ba ya gogewa. Ni na ɗauka ƙofa zai shafa. Muna rijiya ni da Inna, ya shafe cikin babbar ƙwaryar tas, ya shanya ta a kan danga.

Warin ne ya tarye mu tun daga nesa. Inna ta sauke tulu, ta leƙa ƙwaryar, ta juya ta dube shi ido da ido, abin da ban taɓa gani ba.

"Inna, yanzu babu mai taka miki ita," in ji shi, yana murmushi.

Taɓarya ta ɗauka. Dukan farko ya tare da hannu, na ji ƙashi ya yi ƙara. Na biyu ya same shi a goshi, jini ya rufe masa ido, ya durƙusa. Na riƙe ta ta baya, ta watsar da ni har goyona ya tsala ihu. Ta ƙara masa a gadon baya. Bai gudu ba, bai ɗaga mata hannu ba, hakan ma ya fi ba ni tsoro.

Sai ta yar da taɓaryar ta zaro wuƙa. Na ɗauka shi za ta yi wa, ashe ƙwaryar ta nufa. Ta zauna ta matse ta tsakanin gwiwoyi tana kankarewa da ƙarfi, farin yana fita tare da baƙin da uwarta ta tara. Tsohuwar ƙwarya ce, ba ta da sauran kauri. Bakin wuƙar ya ɓulla ta gindi.

Inna ta daɗe tana kallon hujin. Can ta ɗaga kai ta ga yayana, jini na ɗiga daga haɓarsa zuwa ƙasa, hannun dama ya saki.

"Kama masa kai," ta ce da ni.

Ta tsiyayo ruwa daga tulu a cikin ƙwaryar, ta nufo shi da niyyar wanke masa fuska da hannunta. Ruwan na tsiyaya ta hujin yana jiƙa mata zane. Kafin ta iso gabansa babu ko ɗigo a ciki. Ta durƙusa, ta sa bakin zanen da ya jiƙe ta shiga goge masa ido.