Baba Mita da Ƙofar Gwaggo Mai Wanki

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin wani dattijo da ƙafarsa ba ta san hutu ba.

Baba Mita ake ce masa, don ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin gida-gida yana duba mitar ruwa. Ita kuwa mita ba a ƙofar gaba take ba, tana can baya, gindin famfo, ƙarƙashin igiyar shanya. Shi ya sa birnin da ya sani daban yake da na cikin hotuna. Da ya yi ritaya, hutun ya zame masa ciwo. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa taga, ya kwance rediyon da lafiyarsa ƙalau.

"Malam, don Allah fita ka sha iska," in ji matarsa. "Ka hana kanka sakat, ka hana ni."

Fitar da ya yi ce ta kai shi bakin wani ƙaramin otal, inda baƙi ke jiran motar zuwa kallon manyan gine-gine. Ya ce musu ai abin kallo yana lungu. Wasu suka bi shi, gobe ma wasu, har abin ya zama aikinsa. Yakan bi da su bayan gidan burodi, su dafa bango su ji ɗumi. Su hau benen teloli, inda jirgin ƙasa ke wucewa kamar a kan rufin mutane. Amma abin da yake taƙama da shi yana tsakar gidan Gwaggo mai wanki: wata bishiya da aka jingina wa keke tun zamanin da, ta girma ta haɗiye shi, sai ƙaho da taya ɗaya a waje.

Kuskurensa ɗaya, yadda ya saba shiga yake shiga. Ya ƙwala "Mita!" ya tura ƙofa, ya manta yanzu da zugar mutane yake tafe.

Ran nan ya tura ƙofar Gwaggo, ya ji sakata.

"Gwaggo, ni ne fa!"

"Na san kai ne, uban yawo," ta amsa daga ciki. "Baƙinka sun ɗauki hoton keke, sun haɗa da kayan mutane da ke shanye. Wata ta ga zanenta a waya, ta zo ta kwashe wankinta kaf. Keken ne zai ciyar da ni?"

"Haba Gwaggo, leƙawa kawai za su yi."

"Kai kaɗai ka shigo, har shayi zan ba ka. Su dai a'a."

Baba Mita ya waiga. Baƙi sun riga sun ɗaga wayoyi. Ya kai hannu zai buga ƙofar, ya fasa, ya sosa ƙeya.

"Yau babu," ya ce musu. "Mu je."

Ya wuce gaba da sauri har suna haki a bayansa, yana leƙa kowane lungu, ko Allah zai sa ya tuna wani abin nunawa da ba a cikin gidan kowa yake ba.

To ku, da ku ne Gwaggo, za ku sake zare masa sakatar nan?