Gadon Awakin Inna Tasalla

Ƙanwata Zuliha ta yi shekara shida tana buga wa mutane takardu a wani shagon kwamfuta a Sabon Gari, nan Maradi. Ni yayanta ne, tela, kuma ba zan ɓoye ba: ranar da ta ce ta fara koyon wani yare mai suna Java ta intanet, dariya na yi har da riƙe ciki. Na tambaye ta mutanen wace ƙasa ke jin sa. Ta ce kwamfuta ke jin sa, da shi ake ba ta umarni. Na ce to Allah ya ba su zaman lafiya.

Dalilin karatun yana Tsibiri, wajen Inna Tasalla, yayar mahaifiyarmu. Matan ƙungiyarsu suna kiwon jajayen awaki, bunsurunsu huɗu kacal, ana zagayawa da su gida-gida har Jiratawa. Inna ce ke faɗin bunsurun da za a kai wa kowace akuya, don kada uba ya barbari 'yarsa ko jikarsa a haifi 'ya'ya marasa ƙwari. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma asalin awaki sama da ɗari yana cikin kanta. Sai tsufa ya fara taɓa kan. A zama ɗaya ta kira ni da sunan marigayi babanmu har sau biyu. Zuliha ta tsorata, don ta san ranar da Inna ta manta, garken ya cakuɗe ke nan.

Kowace Lahadi sai ta hau kabu-kabu zuwa Tsibiri, Inna na faɗa tana rubutawa. Littafi uku suka cika, amma neman kakan akuya ɗaya a ciki sai ya ci rabin yini. Abin da ya kai ta Java ke nan. Darasin 'yan koyo wata huɗu ya ɗauke ta, tana yin sa da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga shago. Abincinta ma sau da yawa sai ya huce a gefen kwamfuta.

A darasi na biyu, na waɗanda suka yi nisa, ta ci karo da abin da malamin ya kira héritage, wato gado. Ranar da gudu ta shigo shagona.

"Yaya, ga shi nan! Gado! Kamar don awakin Inna anka yi shi."

Ta zauna ta sa kowane ɗan akuya ya gaji uwarsa, abu ya tafi daidai. Da ta zo ƙara uba, Java ta ƙi: a wajenta daga wuri ɗaya kawai ake gado. Mako uku Zuliha tana fama, fuska a murtuke. Ni kuwa na samu abin yi, duk ta shigo sai in tambaye ta lafiyar marayun awakinta. Yau ina jin kunyar wannan, don ta kusa ajiye karatun.

Da ta je Tsibiri ta kai wa Inna kuka. "Wane irin yare ne wanga da bai san ɗa na da uwa da uba ba?"

Inna tana gyaran wake, ko kai ba ta ɗaga ba. "Ke, mi ɗan akuya ya gada? Zama akuya dai, kamar kowace akuya. Uwatai da ubanai kuwa ba gadonsu ya yi ba, yana da su ne."

Zuliha ta ce a nan abin ya buɗe mata. Ta goge duk aikin, ta yi tsari ɗaya mai suna Akuya, kowace tana da suna, tana da uwa, tana da uba. Ni ma sai a lokacin na gane, don haka nake yanka fasali ɗaya in ɗinka riga goma a kansa. Wannan aikin ta miƙa a ƙarshen darasi, aka ba ta takardar shaida. Takardar tana manne a bangon shagona, kuma duk wanda ya zo awo sai ya ji labarinta, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Bayan damina aka zo rabon bunsuraye, na raka ta. Mata sun cika tsakar gidan Inna. Salima daga Jiratawa ta ce akuyarta Mai Kunne ta isa barbara.

"A kai mata Ɗan Gaye," in ji Inna.

Zuliha ta duba kwamfutar da ke kan cinyarta. Sai ta matsa kusa, ta sassauta murya. "Inna, Ɗan Gaye kakanta ne. Shi ya haifi uwar Mai Kunne."

A shekara talatin ba a taɓa gyara wa Inna zancen akuya ba. Inna ta juyo ta dubi Zuliha.

"Wa ya gaya maki haka?"

"Ke kinka gaya mani, Inna. Bara, gindin iccen nan."

Inna ta kai hannu ta shafa murfin kwamfutar a hankali.

"To, ashe ban mance ba," ta ce. "Salima, a kai maki Jatau."