Ƙashin Ragon Kawu

Kawuna, ƙanen innarmu, ya yi shekaru yana koyar da Turanci a firamaren ƙauyenmu, gabas da Gezawa. Da ya yi ritaya ya rasa ɗalibai, sai ya koma kanmu. Ko gaishe shi ka tsaya yi, sai ka tafi da asalin wata kalma da ba ka tambaya ba.

Wata Babbar Sallah na zo gida daga ɗakin mijina, muna tsakar gida muna suya. Kawu ya leƙa tukunyar romo ya tsamo ƙashin cinya, wanda kowa ya san na Inna ne, don ba ta da haƙoran nama, ɓargo kawai take tsotsa.

"Mayar min da abina," in ji Inna.

"Yaya, tsaya ki ji dalili."

Ya ɗauki gawayi ya rubuta kalmar Turanci ta ƙashi a jikin rumbu. Matarsa, da ta yi yaƙi da jahilci, ta karanta da Hausa: "Bone? Allah ya raba mu da bone. Ranar Sallah za ka rubuta mana masifa a rumbu?"

Ya ce ba haka ake faɗa ba, "bon" ake cewa. Wai a harshen Jamusawa, 'yan uwan Turanci, kalmar ƙafa take nufi. Ɓargo kuwa "maro" ne, kuma danginta a wasu harsuna ƙwaƙwalwa suke nufi. Saboda haka mai aikin ƙwaƙwalwa ya fi cancanta da shi.

"Jamusawan ne suka yi wa ragon dusa?" in ji Inna.

Kawu ya nufi turmi. Ya buga ƙashin a bakin turmi, ɓargon ya ƙi fitowa. Ya tsotsa har kumatunsa suka lotsa. Sai ya sa turamen haƙoransa ya gatsa. Muka ji ƙas, muka ɗauka ƙashin ne. Ya tofo rabin haƙori a tafin hannunsa, ya tsaya yana kallonsa.

Inna ta karɓi ƙashin, ta ɗauraye, ta zaro tsinken tsintsiya ta sakato ɓargon tas.

Washegari aka goya shi a babur zuwa asibiti aka cire sauran haƙorin. Ya ƙarasa Sallar da kunu, kumatu a kumbure, yana zaune a zaure yana amsa gaisuwar baƙi da hannu.