Abin da Umma Ta Ɓoye wa 'Yar Fari

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka har Umma ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" take ce mini, in ta yi kara ta ce "yarinyar nan". Bakatsiniya ce, ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. In muka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta tuna tana da aiki a kicin.

Amma ita ce ta tsaya kai da fata sai na yi karatun likita. Baba, ma'aikacin gwamnati, ya fi son in yi koyarwa. Ina ɗaki na ji ta tsare shi tana cewa, "Mata na mutuwa a ɗaka don ba su iya buɗe jiki gaban namiji. A bar waccan ta yi."

Da na fara aiki, gidanmu na Unguwar Dosa ya koma ƙaramin asibiti duk ranar Asabar. Umma ce mai gayyato su: matan direbobin Kawo da masu talla, waɗanda layin asibiti ke cinye musu yini. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta aiko ƙanwata ta ce mini an zo. An ce har fariya take yi da ni, amma sai na ba da baya.

Daga baya gidan ya fara cika da turaren wuta. Dama mai son ƙamshi ce, sai dai wannan ya wuce misali, kasko ba ya hucewa. Har tsokanarta nake yi ta bakin ƙanwata, wai ko sabon aure aka ɗaura mata. Ta koma lulluɓa da babban mayafi ko a tsakiyar zafin bazara, ta daina daka, tana ɗaukar buta da hagu. Na tambaya, ba sau ɗaya ba. Amsar takan dawo ta hannun ƙanwata: sanyi ne, an sha magani.

Ranar da Umma ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, ƙanwarta, wadda muke kira Inna, ta ja ni gefe. Ta ce ciwo ne a mama, ya daɗe da fashewa, warinsa ake rufewa da turaren. Na ce me ya hana a kai ta asibiti?

Inna ta ce, "Namiji dai ba ya ganin ta. Likitoci mata kuma duk ƙawayenki ne, magana za ta dawo kunnenki. Ke kuwa, haba 'yar nan, ta buɗe miki ƙirji?"

Na yi fushi, har yau ban huce ba, kuma ban san da wa nake fushin ba. Muka kai ta asibiti, wata abokiyar aikina ta duba ta, ni ina waje a kan benci kamar baƙuwa, don haka Umma ta roƙa. Abokiyar ta fito ta kasa haɗa ido da ni. Umma ta ƙi kwanciya a can, ta ce a mai da ita ɗakinta. Ba a jima ba ta rasu.

Da za a yi mata wanka, tsofaffi suka ce in fita. Na ce yau kam ba inda za ni. Na yaye zanen, na ga ciwon a karon farko, an wanke shi tas, an naɗe da bandeji, an soke bakinsa daidai yadda nake soke nawa. Na dubi Inna.

Ta ce, "Ita take yi da kanta. Bayan ƙofar kicin take laɓewa in kina koya wa matan nan naɗin bandeji. Takan ce mini kina magana ƙasa-ƙasa, rabi take ji."

Har yanzu in ina yi wa mara lafiya bayani sai in ji muryata ta hau, idona na kan ƙofa. Jiya ma sai da nas ta taɓa ni ta ce, "Likita, ai tana jin ki."